Abin da aka tattaro kan harkar otal

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara da aka yi kan yadda harkar otal take:

1. An yarda otal iri-iri ne: na 'yan kasuwa a tsakiyar birni, na shaƙatawa, da na matafiya a bakin babbar hanya.
2. Sunan da ke jikin gini ba lallai na mai ginin ba ne. Manyan kamfanonin otal Hilton da Marriott galibi sunansu suke ba da haya, ko su karɓi gudanarwa, mai gini yana biyansu kaso daga ciniki.
3. Kan taurarin da ake nuna darajar otal da su aka rabu. Wasu sun dogara da su, wasu suka ce kowace ƙasa da ma'auninta. Ina bayan na biyun.
4. Ɗakin da ya kwana ba baƙo, kuɗinsa ya tafi ke nan, shi ya sa farashi ke hawa da sauka.