Abin da aka tattauna a Aboabo kan bugun zuciya

A zaman matan Aboabo da ke Kumasi, ma'aikaciyar jinya ta fi nanata yadda ake awon. Ki huta minti 5, ki ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ki ƙirga bugun na daƙiƙa 30, ki ninka sau biyu. Banda babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun. Ga baligi yana hutawa, 60 zuwa 100 a minti ne daidai. Zazzaɓi, ƙarancin jini da goro suna ɗaga shi, mu kuwa goro ba ya rabuwa da bakinmu.

Wata Hajiya ta tambaya ko wannan ne hawan jini. A'a, awonsa daban. In bugun yana tsalle, ko ya zo da jiri ko ciwon ƙirji, a wuce asibiti, kada a tsaya jiƙo.