Ƙwan LED mai rawa: jabu ne ko kuwa?

An jefo magana a zauren 'yan kahraba, wato masu aikin wutar lantarki: duk ƙwan LED da ka haska da kyamarar waya ka ga baƙaƙen layuka suna gudu, jabu ne.

Usta, Jidda: Maganar ta yi faɗi. Wutar Saudiyya 60 Hz ce, wato tana juyi sau 60 a daƙiƙa, kuma a kowane juyi ƙarfinta yana faɗuwa sau biyu. Tsohon ƙwai mai zare yana riƙe zafi, ba ya dusashewa nan take. LED kuwa da wuta ta ragu, haske ya bi ta. In kafasitan (ma'ajin wuta) da ke cikin direba, wato 'yar na'urar da ke daidaita wa ƙwan wuta, ƙarami ne, hasken zai yi sama da ƙasa sau 120 a daƙiƙa. Kyamara kuma layi-layi take ɗaukar hoto, wani layin ya dace da haske, wani da duhu.

Mai shagon fitilu, Makka: To Usta, ai ka gaskata wanda ya jefo maganar. Direba mai kyau ba ya barin wannan rawar.

Mai gyaran allo, Madina: A'a Alhaji. Manyan allunan talla masu tsada ma suna nuna layuka, domin da kunnawa da kashewa cikin sauri ake rage musu haske, wato PWM. Allo mai 1920 Hz, wato mai sabunta hoto sau 1920 a daƙiƙa, yakan fito da layuka a bidiyo, shi ya sa masu ɗaukar hoto suke neman mai 3840 Hz. Sannan kyamarar da aka saita a 50 Hz, irin wutar Najeriya da Sudan, za ta yi wa ƙwai mai kyau sharri a nan. A mayar da ita 60 kafin a yanke hukunci.

Ɗalibi, Riyad: Baba Usta, tunda ido ba ya kama 120, ina ruwanmu?

Usta, Jidda: Akwai ruwanmu, yarona. Ka kaɗa biro a ƙarƙashin fitilar: in ka ga birai da yawa a jere, tana rawa. Wasu tana gajiyar musu da ido, tana sa su ciwon kai. A wurin aiki abin ya fi haɗari, don faifan injin yanka yana juyawa amma sai ya yi kamar a tsaye yake.

Rawar da ido ke gani ƙiri-ƙiri kuma daban ce. In duk gidan ya dusashe lokacin da mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) ya tashi, kwamfuresarsa ce ta ja wuta. In ƙwai yana ƙiftawa bayan an kashe, duba makunni mai ɗan haske a jiki, yana zirara wuta kaɗan-kaɗan. In ɗakuna da yawa ne suke rawa tare, a kashe babban layi a duba wayar nutural, sakinta yana ƙona kaya.

Mai shagon fitilu, Makka: In ƙwai ɗaya ne ya fara rawa bayan shekara fa?

Mai gyaran allo, Madina: Zafi ne ya busar da kafasitan. Ƙarin digiri 10 yana rage rayuwarsa da kusan rabi, balle a rufaffen silin lokacin bazarar Makka. A sa kafasita mai jure 105°C, a bar wa fitilar hanyar iska.