Garma ta ƙi ɗaguwa da rana tsaka: man haidurolik a tsohuwar Massey Ferguson

Mai gona, Giwa: Assalamu alaikum. Masu aiki da taraktocin Massey Ferguson (MF) 135, 165 da 375, a taimaka mu tara abin da aka sani a kan man haidurolik kafin ruwa ya sauka. Matsalar da ake yawan kuka da ita: da safe garma na ɗaguwa lafiya, da rana ta take sai ta riƙa hawa da kyar, wani lokaci tana karkarwa. Daga ina ake fara dubawa?

Makanike, Funtuwa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Daga geji, wato sandar auna yawan mai, ake farawa, amma a fara sanin wannan: a waɗannan taraktocin mai ɗaya ne ke yi wa giyabos, aksul na baya da famfon haidurolik aiki. Babu tanki na daban. Duk dattin da giya ta ci ta zubar, shi famfo zai sha.

A tsayar da tarakta a wuri mai baje, a sauke hannuwan ɗaga garma har ƙasa, a kashe inji, a jira kamar minti goma mai ya koma mazauninsa. In garma na sama, wani kaso na man yana cikin silinda, geji zai nuna ƙasa da gaskiya, sai mutum ya ƙara ya wuce layi. Gejin yana jikin zagayayyen murfin da ke gefen dama, ƙarƙashin kujera. Wurin zuba mai kuma yana sama, kusa da libar giya. A goge kewayen murfin da tsumma kafin a kwance, domin ƙurar hunturu can take taruwa. 135 na cin kusan lita 30; na 375 ya fi haka, a bi littafinta.

Cikawa fiye da layi ba alheri ba ne. Man zai bi bututun aksul ya tura sil, ya jiƙa birki. A 135 birkin busasshe ne, da ya sha mai shi ke nan ya daina kamawa.

Direban tarakta, Kadawa: Maigida ya faɗi na yawan mai, ni zan yi na kalarsa. A ɗiga man gejin a farar takarda ko a murza shi tsakanin yatsu biyu. Mai lafiya yana da haske kamar zuma. In ya yi fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. In yana kumfa, ko dai ya yi ƙasa famfo na zuƙar iska, ko an gauraya mai iri biyu. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ya gama aiki.

Ruwan nan ƙofofinsa sanannu ne: robar da ke gindin libobin giya in ta tsage, da robar da ke rufe sifirin na baya inda ake ɗaura sandar sama ta garma. Taraktar da ke kwana a fili cikin damina, ruwa na bin libar ya gangara ciki kai tsaye. Masu aikin shinkafa a fadama da masu wanke tarakta da famfo mai ƙarfi su suka fi gamuwa da shi. Gwajinsa mai sauƙi ne: bayan ta kwana a tsaye, a sassauta notin zubar da mai kaɗan, kada a cire. Ruwa ya fi mai nauyi, shi zai fara ɗigowa. Ko a ɗiga man a kan ƙarfe mai zafi, in ya yi tartsatsi akwai ruwa. Robobin nan ba su kai kuɗin lita biyu na mai ba, amma su ake bari har famfo ya yi tsatsa.

Mai sayar da mai, Zariya: Wane mai za a zuba, nan ne ake asara. Wanda ake sa wa katafila da tifa, mai lamba 46 ko 68, shi ma sunansa man haidurolik, amma ba a yi shi don ɗaukar nauyin haƙoran giya ba. Man giya mai kauri na manyan motoci, 140, famfo ba ya iya jansa da sanyin asuba. Abin da ya dace shi ne man tarakta na gama-gari, wanda aka rubuta UTTO ko STOU a jikin jarkarsa. Taraktar da birkinta ke cikin mai, kamar 375, a nemi wanda ya cika ƙa'idar M1135 ko M1143. In aka zuba mata man giya na yau da kullum birkin zai riƙa kuka yana fizga. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa, don Allah kada a kusanta shi.

Makanike, Funtuwa: Haka ne, Malam. Bari in koma kan tambayar Alhaji, dalilin da ya sa da rana take gazawa. Mai in ya yi zafi yakan tsinke, sai ya samu hanyar zurarewa ta inda ƙarfe ya ci. Kafin a sauke famfo, a gano ta ina yake gudu. A rage man har ya sauka ƙasa da murfin gefen dama, a cire murfin, a ɗaura garma, a tayar da inji a ɗaga ta, a haska tocila ciki. In mai na zubowa daga sama, ringin fistin na silinda ne ko ƙananan robobin bututun da ke kai mai daga famfo zuwa saman murfi. In sama a bushe take amma man da ke ƙasa yana motsi kamar ana dama shi, bawul ɗin famfo ne ke saki. Ido kawai ake sawa. Hannu ba ya shiga ramin nan inji na aiki, shaf ɗin PTO, wato sandar da ke juya kayan aikin da ake ɗaurawa a bayan tarakta, na juyawa a ciki.

Karkarwa kuma, garma na hawa tsalle-tsalle, yawanci ɗaya daga cikin fistin huɗu na famfon ne bawul ɗinsa ya ci ko datti ya maƙale masa. Wani gwajin: a ɗaga garma a kashe inji. In ta sauko cikin 'yan mintoci, akwai yoyo a ciki.

Mai kula da taraktocin haya, Gombe: Ranka ya daɗe, ka manta da rariya. Famfon yana da rariyar waya a bakinsa, kuma sau da yawa ita ce ta toshe, famfo lafiyarsa ƙalau. A MF 240 da 375 ana kai mata ta ƙaramin farantin da ke ƙarƙashin tarakta, a tsofaffin 135 sai ta murfin gefe. A wanke ta da kananzir ko gas, a busa iska, a mayar da robarta daidai.

Canjin mai a wurinmu sau ɗaya ne a shekara kafin huɗa, ko bayan awa 500 in aiki ya yi yawa. A juye shi da ɗuminsa bayan an tashi aiki, libobin ɗaga garma a ƙasa domin silinda ta fitar da nata. Notin zubarwa biyu ne a 135, ɗaya ƙarƙashin giyabos, ɗaya a baya. Wanda ya kwance ɗaya ya bar rabin dattin. A duba maganaɗisun da ke jikin notin: laushin gari baƙi ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe da ake ji a yatsa alama ce ta boris ko haƙorin giya.

Sai tirela mai juyewa. Silindarta na janye lita da dama daga tarakta, kuma tirelar da ke yawo tsakanin taraktoci tana kawo man wata ta zuba wa wata. A goge bakin tiyo kafin a haɗa, a rufe shi bayan an cire. In ana zargin tiyo ya huje, a kara kwali, kada a shafa da hannu: man da ke fita da ƙarfi yana huda fata, kuma wannan aikin asibiti ne nan take.

Direban tarakta, Kadawa: Masu Ford 5000 da 6600 su lura, tasu ta bambanta: giyabos da mansa daban, haidurolik daga aksul na baya yake sha, don haka wuri biyu ake dubawa. A tsofaffin Massey masu fawa-sitiyari kuma, yawanci ɗan tankin sitiyarin yana jikin famfonsa a gefen inji, gejin baya ba ya nuna shi.