"Ruwa ba ya tsami banza": hukunci take yankewa ko cewa take a duba randa?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da daddare muka yi sa-in-sa da yayana har ya tashi ya bar min ɗakin, kuma wannan karin maganar ce ta raba mu. Zancen kisan shugaban Amurka John Kennedy muke yi, wanda aka harbe a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963. Yaya ya haƙiƙance 'yan Mafiya, wato ƙungiyar manyan 'yan daba ta asiri, ne suka kitsa abin. Na ce ina hujja? Ya ce wanda aka kama, Lee Harvey Oswald, kwana biyu kacal ya yi a hannu, sai wani mai gidan rawa, Jack Ruby, ya kutsa hedikwatar 'yan sanda ya bindige shi a gaban kyamara. "Ruwa ba ya tsami banza," in ji shi, ya kakkaɓe riga ya fita. Shekara tara ya ba ni, shi ya sa ban ja da nisa ba, amma maganar ta hana ni barci. Wai karin maganar nan hukunci take yankewa, ko cewa kawai take a tashi a duba randa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Ƙanena, yayanka bai faɗi abin da manya ba su faɗa ba. Kwamitin Warren, wanda gwamnatin Amurka ta kafa don binciken kisan, ya fitar da rahotonsa a Satumba 1964, ya ce Oswald shi kaɗai ya yi harbin, bai ga shaidar haɗin baki ba. Amma a 1979 wani kwamitin majalisar wakilan Amurka ya sake bin maganar, ya ce mai yiwuwa akwai haɗin baki. Kan me suka dogara? Kan wani faifan sauti da aka naɗa daga rediyon babur ɗin ɗan sanda, wanda masana suka ce sun ji harbi huɗu a ciki, abin da ke nuna maharba biyu. A 1982 masanan Cibiyar Kimiyya ta Ƙasar Amurka suka sake sauraron faifan, suka ce sautin da ake magana a kai an naɗe shi kusan minti ɗaya bayan an gama harbin. Ka ga ginshiƙi ya girgiza ke nan. Game da Mafiya kuwa, kwamitin 1979 ɗin cewa ya yi a ƙungiyance ba su da hannu, amma bai wanke ɗaiɗaikunsu ba. Ya ambaci shugabannin Mafiya biyu, Carlos Marcello na New Orleans da Santo Trafficante na Florida, ya ce suna da dalili da hali, sai dai bai samu shaidar da ta ɗaure su kai tsaye ba.

Sarkin Shakka: Malam, da girmanka, ka faɗi rabi ka bar rabi. Me ya sa Marcello ke da dalili? Robert Kennedy, ƙanen shugaban kuma ministan shari'a, shi ya sa aka tasa ƙeyarsa zuwa Gwatamala a 1961. Sannan a 1975 kwamitin Sanata Frank Church ya tono cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ta haɗa kai da 'yan Mafiya Johnny Roselli da Sam Giancana da Trafficante ɗin nan tun 1960 don a kashe Fidel Castro na Kuba. Da wani ya faɗi haka a 1962, mahaukaci za a kira shi. Giancana an harbe shi a gidansa a Yuni 1975 kafin ya bayyana gaban kwamitin. Roselli ya ba da shaida, a Agusta 1976 aka tsinci gawarsa cikin duro yana yawo a ruwa kusa da Miami. Da walakin, goro a miya. Ni ina bayan yayan Ɗan Auta.

Gimbiyar Alƙalami: Yaya Sarki, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, ba mai musu. Amma mutanen da sana'arsu kisa ce, maƙiyansu sun fi a ƙirga, don haka gawarsu ba ta gaya mana wane sirri aka rufe da ita ba. Ni abin da ya tsayar da ni a kan Ruby ƙaramin abu ne. Ranar da ya yi harbin, an sanar za a ɗauke Oswald daga hedikwatar 'yan sanda zuwa kurkuku da misalin ƙarfe 10 na safe. Ƙarfe 11:17 Ruby yana ofishin aika kuɗi na Western Union yana aika wa wata ma'aikaciyarsa dala 25, takardar da hatimin lokaci a jiki. Ƙarfe 11:21 ya yi harbin. Karyarsa ma a mota ya bar ta. Da an fito da Oswald kan lokaci, da Ruby bai same shi ba. Wanda aka aiko kisa zai tsaya bin layin aika kuɗi?

Sarkin Shakka: To idan wani a ciki ne ya riƙe Oswald har sai da Ruby ya iso fa?

Gimbiyar Alƙalami: Sai ka kawo sunan wanin da shaidarsa. In duk ramin da aka nuna maka za ka cike shi da "to idan", ai ba ranar gamawa.

Mai Rediyo: Ku dai ku gode wa Allah waɗancan kwamitocin sun fitar da rahoto har ana musu a kansa. Akwai kwamitin binciken da na sani, ranar rantsar da shi ita ce ranar jana'izarsa. Wani ɗan siyasa kuma, in ya ci zaɓe ikon Allah ne, in ya faɗi maƙarƙashiya ce daga ƙasashen waje.

Baba Tsoho: Hahaha, ɗan nan ba ka da dama. Irinsu ai mai kaza a aljihu ne, ba ya jimirin as. Ka ce "bincike" kawai ka ga hula ta karkace.

Uwar Biyu: Ku yi haƙuri in kutso, maganar randa da Ɗan Auta ya yi ce ta tayar min da wani abu. Kakata ta wajen uwa, Allah ya jiƙanta, ruwa ya taɓa yi mata tsami na gaske, ba na karin magana ba. Tana da kishiya, ba sa ga maciji. Wata rana sun yi cacar baki kan tsintsiya, kishiyar ta ce mata "za ki gani". Bayan kwana uku kaka ta ɗebi ruwa a randarta ta kai baki, ta furzar. Wari, ga wani ɗanɗano. Ta zubar, ta wanke randar da toka, aka sake cikawa. Washegari haka. Jibi ma haka. Sai ta tuna "za ki gani".

Aka tara yaran gidan ana tambaya. Mahaifiyata tana da shekara shida. Ba a tambaye ta me ta gani ba, cewa aka yi, "Kin ga Inna ƙarama a wajen randa da daddare ko?" Ta yi shiru. Aka sake tambaya, aka sake, manya huɗu a kanta. Ta ce eh. Mama ta gaya min da bakinta, ta ce tun daga ranar har ta girma tana iya ganin hoton matar a tsugune gaban randa da fitila a hannu, alhali ta san ba ta taɓa ganin haka ba. Tambayar ce ta zana mata hoton.

Kakana ya kira matar, ta rantse, ta yi kuka, ta ce ita ma ruwanta ya canza. Kaka ta ce ai dole ta ce haka. Ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Ta tafi da goyo a baya.

Ruwa bai daina wari ba. Sai bayan mako guda maƙwabciya ta shigo tana ƙorafin cikin 'ya'yanta, ta ce su ma randarsu ba ta shawuwa. Rijiya ɗaya suke ɗiba. Aka zura mutum da igiya, ya fito da mushen mage, har gashin ya fara zubewa. Gida biyar ke shan rijiyar nan, kuma cikin kwana goma ba wanda ya taka ƙofar maƙwabci ya tambaya, saboda an riga an samu mai laifi a cikin gida. Kaka har ta rasu, in wani ya ce ruwa ba ya tsami banza a gabanta, sai ta ce, "Haka ne, amma ka leƙa rijiya tukuna." Takan faɗa idonta na kawo ruwa.

Baba Tsoho: Allah ya jiƙan mazan jiya da matan jiya. 'Yata, labarin nan ya taɓa ni.

Sarkin Shakka: Allah ya gafarta mata. Amma Hajiya, wa ya jefa magen a rijiya?

Mai Rediyo: Jama'a ku riƙe shi! Yanzu zai ce 'yan adawa ne.

Sarkin Shakka: Da gaske nake. Mage na iya faɗawa da kanta, ana kuma iya jefa ta. Labarin bai wanke kowa ba, ya dai nuna ba a yi bincike ba.

Malam Habu: Abin da ya fi kama ni a labarin Hajiya shi ne yarinyar. Wanda duk ya karanta tarihin Mafiya ya san rabin abin da aka sani daga bakin tubabbun 'yan ƙungiyar da suka ba hukuma shaida ya fito. Joe Valachi ne ya tsaya gaban majalisar dattawan Amurka a 1963 ya bayyana Cosa Nostra, sunan da 'yan Mafiya ke kiran ƙungiyarsu, a fili. A Italiya, Tommaso Buscetta ya buɗe wa alƙali Giovanni Falcone cikin ƙungiyar a 1984, daga nan aka yi babbar shari'ar Palermo ta 1986 zuwa 1987, mutum 475 a gaban kotu, aka ɗaure fiye da 300. Amma Falcone bai tsaya kan bakin mutum ba, sai ya bi takardun banki da cekin kuɗi ya ga ko sun yi daidai da zancen. Inda ba a yi haka ba, ga abin da ya faru. Enzo Tortora, sanannen mai gabatar da shiri a talabijin, an kama shi a 1983 kan maganar tubabbun Camorra, wata ƙungiyar 'yan daba ta Italiya, aka yanke masa shekara 10, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi a 1986, ya rasu a 1988. Bayan bam ɗin da ya kashe alƙali Paolo Borsellino a Yuli 1992, wani Vincenzo Scarantino ya amsa laifi ya ambaci mutane, aka yi musu ɗaurin rai da rai. Sai a 2008 Gaspare Spatuzza ya fito ya ce shi ya sato motar da aka dasa bam ɗin, aka gane shaidar farko ƙarya ce. Mafiya ɗin dai su suka yi kisan, amma waɗanda ba su ji ba ba su gani ba sun sha shekaru a kurkuku.

Gimbiyar Alƙalami: Ka ga mage a rijiya, kishiya a gidan iyayenta.

Sarkin Shakka: Ni kuma na ga akasin haka. Wa ya koya wa Scarantino abin da zai faɗa? Kotun Italiya da kanta ta ce an karkatar da binciken da gangan. Wato mai zargin akwai hannu a ciki bai yi kuskure ba. Kuma ku tuna, shekara da shekaru shugaban hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, J. Edgar Hoover, yana raina zancen akwai ƙungiyar 'yan daba ta ƙasa baki ɗaya, sai da 'yan sandan jiha suka yi wa taron shugabannin Mafiya a garin Apalachin dirar mikiya a Nuwamba 1957 suka tsare kusan mutum 60. Masu cewa ruwa ya yi tsami sun riga hukuma gaskiya.

Baba Tsoho: Ni fa yara, a yadda na tashi na ji ana faɗarta, ba a kotu ake kawo karin maganar nan ba. Ana faɗinta ne in hali ya canza. Abokin da kullum yake gaishe ka ya wuce ka ba sallama, sai ka ce ruwa ba ya tsami banza, wato ka binciki kanka ko ka yi masa laifi. Marowaci ya kawo maka kyauta, sai ka ce haka. Magana ce ta a hankalta. Ban taɓa jin dattijo ya nuna mutum da yatsa da ita ba. Wanda ke son nuna yatsa "biri ya yi kama da mutum" yake cewa.

Mai Rediyo: Baba ka gama magana. Shi ya sa in na ga mai girma ya sauke gilashin mota yana ɗaga mana hannu bayan shekara uku da rabi ba labari, ba na buƙatar duba kalanda.

Gimbiyar Alƙalami: Baba, ni kuwa na sha jin ta a bakin masu gulma, ana yi wa yarinya ƙazafi a rufe da ita. Malaminmu kan ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Sarkin Shakka: In ba zato, ɗan sanda ba zai fita daga ofis ba.

Ɗan Auta: Na karanta wa Yaya duka yanzu da ya dawo. Maganar 11:17 ta sa ya yi jim, ya ce bai taɓa ji ba. Amma ya ce tun dokar da Amurka ta yi a 1992 ake sakin takardun kisan Kennedy kashi-kashi, har 2025 ana fito da dubban shafuka, me ake ɓoyewa shekara sittin in ba komai? Na ce watakila abin kunyar Kuba ne da irinsa. Ya ce watakila. Bai janye ba, ni ma ban janye ba, amma mun ci abinci kwano ɗaya. Hajiya Uwar Biyu, yana tambaya wai kishiyar ta dawo?

Uwar Biyu: Ka gaishe shi. Kakana ya je biko sau uku, mahaifinta ya ce ba zai mayar da 'yarsa gidan da aka kira ta mai sammu ba. Goyon da ta tafi da shi, shi ne kawuna, a can ya girma. Mama ba ta sake ganinsa ba sai da ta yi aure, ta je da kanta ta nemi gafarar mahaifiyarsa, lokacin matar ta makance.