Musayar Waƙa: Abelad na Faransa, Mai Littafin "I da A'a"

Ɗan Zaure:

Bismillahi, malamai, na shimfiɗa buzu,
Kan Abelad na Faransa nake tambayawa.

A 1079, garin Pale kusa da Nant,
A gidan barde aka yi wannan haihuwa.

Ya bar wa ƙannensa takobi da gado,
Ya ɗauki mandiƙi, makamin ja da kowa.

Roselin ya biya masa, sannan Wilyam a Faris,
Dukansu daga baya ya yi ta ƙaryatawa.

Me ya haɗa shi da Wilyam, Malama?
Ke ce mai alli, muna jiran warwarewa.

Malama Mai Alli:

Na amsa, ƙanena, matso da allonka,
Forfiriyus, masanin falsafa na da, ya ɗaura wannan aiki.

Isagujin da ake biyawa a zaurukanmu,
Sunan littafinsa ya ara, ba abin mamaki.

Jinsi da nau'i, fasali, hassa, aradi,
Su biyar Faris ta yi ta musu a kai har da tsaki.

"Dabba" da "mutum", abubuwa ne a waje,
Ko suna ne kawai mai fita daga baki?

Wilyam ya ce zati, ainihin abu, guda ne, cikakke,
A cikin kowa, aradi, sifa mai wucewa, ke raba jiki da jiki.

Abelad ya ce: in "dabba" guda ce a duka,
To ita ce a Sukurat, ita ce a jaki.

Mai hankali da marar shi sun zama ɗaya ke nan,
Kishiyoyi biyu sun kwana cikin ɗaki.

Wilyam ya sassauta magana a gaban aji,
Aji ya bi yaron, tsoho ya rasa mataimaki.

Baba Mai Tawada:

Sannu 'yata, kin rushe ginin Wilyam,
Amma ba ki faɗi abin da Abelad ya gina ba.

Kar a zaci wurin Roselin ya koma,
Mai mai da kulli, wato suna gama-gari, hucin baki, bai bi shi ba.

Ya raba sauti da kalma mai ma'ana,
Sauti abu ne guda, bai zama kulli ba.

Kalmar da aka aza don ta hau kan da yawa,
Ita ce kulli, ba wani ɓoyayyen zati ba.

Me ya sa "mutum" ta hau Sukurat da waninsa?
Sun haɗu a zama mutum, zaman kuwa ba abu ne ba.

Tambaya 3 Forfiriyus ya bari, ya ƙara ta 4:
In wardi ya ƙare, ba a bar ko fure ba?

Sunan zai riƙe ma'anarsa a hankali,
In ba haka ba, "babu wardi" ba za ta faɗu ba.

Da littafin Aristo 2 da sharhin Bo'isiyus ya yi wannan,
Mafi yawan sauran ba su iso makarantun ba.

Gwani Na Bakin Kasuwa:

Ku zo ga Sic et Non, wato "I da A'a",
Nan gwanintar take, bari mu buɗe shi.

Mas'ala 158 ya jera, ta fari kan imani:
Shin hujjar hankali za ta tokare shi?

Ƙarƙashin kowace ga maganar magabatan coci,
Wannan ya ce i, wancan ya musa shi.

Bai yanke hukunci ba, gabatarwa ya rubuta,
Ga tsarin sulhu, ɗalibi ya gwada shi.

Fara da littafin: na wanda aka ce ɗin ne,
Ko wani ya rubuta aka liƙa masa shi?

Sai mai kwafi: harafi ɗaya in ya zame,
Ma'ana ta juye, a ɗora wa mai shi.

Duba ko marubucin ya janye daga baya,
Agustin littafi guda ya yi yana gyara kanshi.

Ko ra'ayin wani yake kawowa don ya ture,
Ka yanko rabi ka ce shi ya faɗe shi.

Umarni kuma, na kowa ne ko na wasu?
Na wane zamani ne, me ya jawo shi?

Mafi yawan rikici lafazi ne mai fuska biyu,
Kowa da nufinsa sa'ad da ya furta shi.

In duk ka bi sulhu ya ƙi, sai ka auna,
Wanda ya fi nauyi ka rinjayar da shi.

Shakka, in ji shi, ita ke kai mutum bincike,
Bincike kuwa gaskiya ce ke jiran shi.

Ɗan Zaure:

Allah gafarta Gwani, in hanyar mai kyau ce haka,
Me ya kai littafin mutum cikin wuta?

Baba Mai Tawada:

Ɗana, ba wannan aka ƙona ba, kar ka haɗa,
Na Triniti ne, aƙidar Kirista, da ya rubuta.

A 1121 majalisar coci ta zauna a Suwason,
Almajiran Ansalam na Lawon suka kitsa ta.

Da ma ya raina darasin malaminsu,
Wai hayaƙi ke cika gida in ya hura wuta.

Ba a bar shi ya kare kansa ba ko kaɗan,
Hujjar ya yaɗa ba izini, suka riƙe ta.

Da hannunsa aka sa ya jefa shi garwashi,
Aka tsare shi San Meda, ba da jimawa ba ya fita.

Kafin nan ga Eluwiz, gwanar Latin,
Kawunta Fulbar ya ɗauke shi ya koyar da ita.

Suka haifi ɗa, suka yi aure a ɓoye,
Ya kai ta gidan ibada, kawu ya zaci ya yada ta.

Aka turo mutane da dare suka dandaƙe shi,
Ya shiga ruhubanawan San Dani, kunya ta rufe ƙofarta.

Malama Mai Alli:

Baba, bar mini "San Kanka", littafinsa na ɗa'a,
A nan ne ya fi janyo hayaniya.

Abu 4 ya ware: mugun hali, sha'awa, yarda, aiki,
Zunubi na ukun ne kaɗai, yardar zuciya.

Mutum 2 sun rataye mai laifi guda,
Ɗaya don adalci, ɗaya don tsohuwar ƙiyayya.

Igiya ɗaya, aiki ɗaya, hukunci biyu,
Abin da ya raba su wurin Allah shi ne niyya.

Matalauciya ba ta da zanen rufe jariri,
Ta rungume shi don ɗari, ta danne shi a kwanciya.

Bishop zai ɗora mata horo mai nauyi,
Ba don zunubi ba, don mata su kula da 'ya'ya.

Sai ya ce mai ɓarna bisa jahilci bai yi zunubi ba,
Ni dai a ganina nan ya tsinke igiya.

Gwani Na Bakin Kasuwa:

Malama, Barnad, shugaban ruhubanawan Kilarbo, ma nan ya kama,
Magana 19 aka tsamo daga littattafansa.

A Sans, 1141, ya zo da shirin muhawara,
Ashe tun daren jiya an gama magana a bayansa.

Da aka fara karanto tuhuma ya ƙi amsawa,
Ya ɗaukaka ƙara Rum, ya kama hanyarsa.

Wasiƙun Barnad suka riga shi isa,
Fafaroma Inosan na 2 ya ce a rufe bakinsa.

Bitrus, shugaban ruhubanawan Kuluni, ya ba shi masauki,
Ya sasanta shi da Barnad, ya kula da jinyarsa.

Ran 21 ga Afrilu 1142 ya rasu a San Marsel,
Aka kai gawar Parakile, gidan da ya kafa da kansa.

Eluwiz ke shugabancin gidan, ga wasiƙunta,
Malama, ke za ki faɗi yadda ta tsare shi da hujjarsa.