Mai Tafiya da Mai Zama

Ɗan Hanya:
Assalamu alaikum. Na dawo daga tafiyar da ta ci mini mako uku, kuma tun ina hanya nake saƙa waɗannan baitoci domin yayana Mazauni, wanda ya tare ni ranar da zan tashi ya ce kuɗin mota da na masauki zubar da dukiya ne kawai. Duk wanda ya ji ya isa, ya amsa.

Da sunan Ilahi nake tambaya,
Ina mai zaman nan ya san duniya?

Yana nan a ƙofa, yini har dare,
Da kifi da shi duk suna rijiya.

Gidan cin abinci yakan sa ka san
Halin masu birni cikin gaskiya.

Ka zauna, a kawo, ka ƙoshi, ka sha,
Ka tashi abinka idan ka biya.

Ku ba ni jakata, ku bar mai zama,
Mabuɗin sani na cikin tafiya.

Mazauni:
Wa alaikumus salam, barka da sauka, ƙanena. Tun da da baiti ka yi mini sallama, ba zan raka ka da zube ba, kuma a kan amsa-amon da ka zaɓa zan tsaya don kada ka ce na gudu.

Ƙanena tsaya, kar ka zo fariya,
Maƙwabcinka na kwance ba lafiya.

Kana lissafin tebura can waje,
Na daura da kai ba ka yin tambaya.

Ka ce rijiya ce, na yarda ƙwarai,
Ruwanta ka sha kan ka san duniya.

Abincin ya huce kana hotuna,
Wayarka ta ƙoshi, ka tashi biya.

Idan zazzaɓi ya buge ka a can,
Ka ce mai faranti ya zo yin jinya.

Mai Sauraro:
Allah ya ƙara basira, Baba Mazauni. Baitin rijiya kaɗai ya isa a naɗe tabarma, domin wanda aka tuna masa ruwan da ya sha yana yaro ba shi da sauran ta cewa. Ina ba Ɗan Hanya shawara ya sake ɗaukar jakarsa tun dare bai yi masa ba.

Abokin Tafiya:
Kai dai, Mai Sauraro, ko tari Mazauni ya yi, cewa za ka yi ya zuba hikima. An yi masa tambaya a kan sanin duniya, sai ya bar ta a ajiye ya tafi ya ɗauko majinyaci ya kare kansa da shi, kuma wannan a wurina gudu ne.

Gwaggon Kowa:
Na saurare ku duka, kuma na lura cewa a cikin masu gardamar cin abinci a gida ko a waje babu wanda hayaƙin murhu ya taɓa sa shi hawaye. Saboda haka ku matsa mini in zauna.

Ku biyun duk na ji ku, ban ga gwani ba,
Mai yawo bai san gidan maƙwabci ba,
Mai zama bai taɓa ɗora tukunya ba,
Amma kowa yana da bakin ci.

Malam Mazauni, kai da kake ta kuri,
Gaisuwarka ba ta zuwa da wuri,
Sai hayaƙi ya lafa a duk gari,
Sannan kake tunawa da zumunci.

Gidan cin abinci hutun mai girki ne,
Ranar nan wanke-wanke na wasu ne,
Wanda ya ce almubazzaranci ne,
Ya shiga madafa ya ɗanɗana ƙunci.

Ɗan Hanya:
Allah ya ƙara girma, Gwaggo, kin cire mini ƙaya. Shi kuwa Yaya, zan kawo masa shaida wanda ba ya iya turewa. Matafiyin nan Ibn Baɗuɗa ya bar Tanja ta ƙasar Maroko a shekarar 1325 yana ɗan shekara 21 da niyyar aikin hajji, sai tafiya ta miƙe masa kusan shekara 30, ya yi alƙalanci a Delhi, ya kai ƙasar Sin, ya zo har Mali.

Da Ibnu Baɗuɗa ya zauna gida,
Da ba wanda zai san shi yau duniya.

Ya bar Tanja yaro, ya dawo gwani,
Ya yo alƙalanci ƙasar Indiya.

Mai Tone-tone:
Tun da ka kira shi shaida, ƙanena, sai ka bari a ji shaidar tasa har ƙarshe. A Dimashƙa a 1348 aka gaya masa cewa mahaifinsa ya rasu tun shekara 15 da suka wuce, kuma da ya koma ƙasarsu a 1349 ya tarar mahaifiyarsa ma ta riga mu gidan gaskiya 'yan watanni kafin isowarsa. Sannan da ya keta hamada ya sauka garin Walata a 1352, aka kira shi liyafar baƙunta, sai ya raina abin da aka ajiye masa a gaba har ya yi nadamar zuwa.

Ya san fadar sarakai da kasuwa,
Sai dai kabari ya tarar na uwa,
An ba shi abinci yana rainawa,
Baƙon kirki ba ya yin tsiwa.

Ɗan Hanya:
Allah ya jiƙan iyayensa, amma zamanin raƙumi daban ne da zamanin waya, kuma ni ban taɓa raina abin da aka ba ni ba.

A yau ga waya, ko ina na kira,
In ji lafiyar Inna tun safiya.

Gidan da na ci ma yana tauraro,
Idan ba ka gan shi ba, bar murɗiya.

Direban Dare:
Yallaɓai, a kan wannan tauraro ni ne ya kamata a tambaya, domin ni nake durƙusawa in kwance taya a gefen titi. Kamfanin taya na Michelin ne ya fara raba wa direbobin Faransa littafin jagora kyauta a 1900, yana nuna musu inda za su kwana da inda za su ci, don su yawaita tafiya taya ta cinye su sayi sabuwa, kuma sai a 1926 ya soma ba gidajen abinci tauraro.

Taurarin nan da kake bi kana ta ɗoki,
Masu taya suka rataya su don aiki,
Ka ci hanya, ka ci taya, ka ci birki,
Su ci riba, kai ka dawo da mamaki.

Malam Ma'auni:
Ku gafarce ni, ban zo raba gardamar tafiya da zama ba, sai dai kunnena ya daɗe yana ƙaiƙayi. Ɗan Hanya ya gina waƙarsa ta farko a kan karin waƙa da ake kira Mutaƙarab, wanda kowace ƙafarsa gaɓa marar nauyi ɗaya ce sai masu nauyi biyu, wato fa'ulun. A ɗangon da ya rufe da shi, ƙafa ta uku ita ce "cikin ta", kuma "ta" ɗin tafiya gaɓa ce marar nauyi da ta zauna a gurbin mai nauyi, don haka tafiyar tasa da ɗingishi ta ƙare. Ita kuma Gwaggo, tare da girmamawa, jera "ba" sau uku da "ne" sau uku maimaita kalma ɗaya ne, ba na kiransa amsa-amo.

Ɗalibar Aruli:
Allah ya gafarta Malam, a nan kam ba zan bi ka ba. Komawar fa'ulun zuwa fa'ulu zihafi ne, wato ɗan sauyi a ƙafar waƙa, da ake kira ƙablu, kuma an halatta shi a Mutaƙarab tun lokacin da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara karuruwa 15 na aruli, wato ilimin awon waƙa, a ƙarni na 8, kafin wani malami mai suna Ahfash ya ƙara na 16. Idan kuwa laifi ne, to Baba Mazauni ya aikata shi sau uku a ɗango guda, domin "wayarka" da "ta ƙoshi" da "ka tashi" dukkansu da gaɓa marar nauyi suka ƙare. Me ya sa sikelin Malam yake nauyi a gefen ƙane, ya yi sauƙi a gefen yaya?

Mai Sauraro:
Kada a jawo Baba cikin wannan magana. Abin da ya zama tuntuɓe ga yaro, ga babba rangwaɗa ce.

Malam Ma'auni:
'Yata, abin da aka halatta daban ne da abin da ya yi kyau, kuma ba a so mawaƙi ya rufe waƙarsa da rangwame. Ga yadda ake yi, kowa ya auna.

Idan ka yi nisa ka dubo gida,
Idan za ka waƙa ka bi ƙa'ida.

Ɗalibar Aruli:
Na auna, Malam, kuma ɗangon farko ya zauna daram. Amma a na biyu ƙafa ta uku ita ce "ka bi ƙa", inda gaɓoɓi marasa nauyi biyu suka jeru a farkonta, wanda kuwa babu zihafin Mutaƙarab da ya ba da izininsa. A daidai kalmar ƙa'ida aka karya ƙa'idar.

Abokin Tafiya:
Allah ya yi miki albarka, Malama. Yau mai awo ya hau sikeli.

Gwaggon Kowa:
Na tafi unguwa kwana biyu, na dawo na tarar an yanka mini waƙa ana rarraba gaɓoɓinta. To ga wani baiti, kuma da gangan na rufe shi da kalmar da Malam ba ya so.

Malam Ma'auni, ka auna da kyau,
Kunnena ne sikelina har yau,
Ranar da aka miƙa maka kwano ka ɗau,
Ban ga ka ƙirga gaɓoɓin loma ba.

Baƙon Jiya:
Na makara ƙwarai, kuma na ga an bar abinci an koma aruli, amma ku yi mini haƙuri in mayar da ku baya, domin baitin Ɗan Hanya na "ka tashi abinka idan ka biya" ya tsaya mini a rai. A wani birni da na sauka, na shiga wani gidan abinci na nuna hoto a takarda, na zauna ina kallon ma'aikaci yana goge tebur bakwai da tsumma ɗaya har sa'a guda ta cika. Kuma biya ba ya ƙarewa a lissafi ko'ina, domin a Amurka ana sa ran ka ƙara wa ma'aikaci kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, alhali a Japan ba a saba da wannan kyauta ba, har akan biyo baƙo da kuɗin da ya bari a tebur.

A takarda hoton ya cika faranti,
Na jira shi sittin cif na minti,
Ya iso ɗan mitsitsi kamar alawar kanti,
Lissafin ne kaɗai ya zo da ƙiba.

Ɗan Hanya:
Sannu, Baƙo, wannan ma ilimi ne, kuma da ka zauna a ƙofar gida da ba ka samo baitin ba. Na yi shiru kwana uku ne saboda na ɗauki maganar Yaya da muhimmanci, na je dubiya, kuma ga abin da idona ya gane mini.

Maƙwabcin da ka ce, na je na gano,
Jikin ya yi sauƙi, yana dariya.

Na iske ka zaune a gefen gado,
Da kwanonsa hannunka tun safiya.

Gidan cin abincinka ke nan ashe,
Ka ƙoshi, ka tashi, ba ka biya.

Mazauni:
Ƙanena, majinyacin ne ya ce bakinsa ba daɗi, ya roƙe ni in taimaka kada abin da aka kawo masa ya lalace, kuma Gwaggo shaida ce domin ita ta aiko da kwanon. Ga baiti ɗaya ka riƙe, sauran sai na dawo, saboda yanzu aka ce mini an sake aikawa.

Ka zo hannu biyu kamar mai bara,
Ina tsarabar da ka yo tafiya?