Cip ɗin kwamfuta zai iya ba da wuta kamar sola?

Ɗan Koyo: Jama'a, tunda da sinadarin silikon ake yin cip (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da farantin sola, in an shanya cip a rana zai kawo wuta?

Mai Gyaran Rediyo: Zai kawo, amma 'yar mitsitsiya. Gwada da tiransisto 2N3055, ɗan kayan lantarki ne da shi ma silikon ke cikinsa: yanke murfin ƙarfensa da zarto, sa shi a rana, ɗora mitar awon wuta tsakanin bes (ɗaya daga ƙafafunsa biyu) da kolekta (jikin ƙarfensa), za ka ga kusan volt 0.5. Yi a hankali, siraran wayoyin ciki na tsinkewa.

Injiniya: Malam, cip ya fi wuya. Baƙin roba ya rufe shi, layukan jan ƙarfe sun lulluɓe silikon ɗin, haske ba ya shiga. Ko ya shiga, murabba'in santimita 1 wat 0.1 kacal yake samu daga rana, sola mai kyau ma kusan kashi 20 cikin 100 na hasken take juyawa zuwa wuta.